Bayan An Warke Daga Limfoma Tun Ana Yara: Me Ke Samun Ƙarfin Jiki Da Jin Daɗin Rayuwa?

Idan yaro ya yi jinyar ciwon daji, aka sha zaman asibiti wata da watanni, daga ƙarshe likita ya ce babu sauran alamar ciwo, iyaye kan yi hamdala su naɗe tabarmar maganar. Ba su yi laifi ba, domin an tsallake siraɗi. Amma bayan shekara 15 ko 20 sai a ga yaron nan ya zama magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai, yana haki idan ya hau bene, ko ya kasa jera kafaɗa da sa'o'insa a tafiyar ƙafa zuwa kasuwa. A nan ne fassara ke yawa. Wani ya ce ragwanci ne. Wani ya ce shagwaɓar da aka yi masa lokacin jinya ce ta bi shi har girma. Shi kuwa a ransa fargaba yake yi kada a ce ciwon ne ya dawo.

Sau da yawa duk cikin ukun babu wanda ya dace. Maganin da ya ceci ransa ne ya bar tabo a zuciya ko huhu ko jijiya ko tsoka, tabon kuma bai nuna kansa ba sai da shekaru suka ja. Likitoci, musamman a Amurka da Turai, sun kwashe fiye da shekara 30 suna bin diddigin dubban mutanen da suka yi wannan jinya suna ƙanana, kuma abin da suka gano ya kai a baje shi a faifai.

Ma'anar kalmomin

Limfoma ciwon daji ne da ke kama wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. Waɗannan ƙwayoyi suna taruwa a kaluluwa, wato ƙulle-ƙullen da ke wuya da hammata da matsematsi da cikin ƙirji da ciki, haka nan a saifa da ɓargo. Kaluluwar da kowa ya sani, wadda ke fitowa idan an ji ciwo a ƙafa, takan yi zafi ta baje cikin kwanaki. Ta limfoma yawanci ba ta zafi, kuma maimakon ta baje sai ta yi ta girma.

Ciwon ya kasu gida biyu. Akwai limfomar Hodgkin, mai sunan likitan Ingila Thomas Hodgkin da ya bayyana ta a 1832, wadda ta fi kama matasa da 'yan shekara goma sha. Sauran nau'o'in an haɗa su a gida na biyu, kuma a cikinsu akwai limfomar Burkitt, wadda likitan tiyata Denis Burkitt ya bayyana a 1958 bayan ya ga yara masu kumburin muƙamuƙi a asibitin Mulago da ke Kamfala, a Yuganda.

Manyan hanyoyin magani biyu ne. Kemo shi ne magunguna masu ƙarfi da ake sa wa ta jijiya ko a sha, su kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. Rediyoterafi, wanda ake kira gashin haske, shi ne auna wurin ciwon da wani haske mai ƙarfi daga na'ura don a ƙona ƙwayoyin dajin.

Ƙarfin jiki a bakin masu bincike ya fi gaban iya ɗaga buhu. Ya haɗa juriyar zuciya da huhu idan aiki ya yi tsawo, da ƙarfin tsoka, da laushin gaɓoɓi, da iya tsayuwa daram ba tangaɗi. Ingancin rayuwa kuwa shi ne yadda mutum da kansa yake ganin lafiyarsa ta bar shi ya yi abin da yake so: aiki, barci, zumunci, ibada, kwanciyar hankali. Ana yawan auna shi da wata takardar tambayoyi 36 da ake kira SF-36. Idan kuma an ce wanda ya tsira, galibi ana nufin wanda ya kai shekara 5 a raye bayan gano ciwon.

Yadda aka zo nan

Kafin shekarun 1960, yaron da ya kamu da limfoma da wuya ya yi rai. Sauyi ya zo ne da gashin haske mai faɗi da kuma haɗa magungunan kemo da yawa a lokaci guda, irin haɗin da Vincent DeVita da abokan aikinsa suka fara a Amurka a 1964, da wanda Gianni Bonadonna ya fito da shi a Milan ta Italiya a shekarun 1970. A yau, a ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, fiye da yara 9 cikin 10 masu limfomar Hodgkin suna warkewa.

A wancan zamani burin likita ɗaya ne, yaro ya rayu. Ana gasa wuya da ƙirji da hammata gaba ɗaya, wani lokaci da adadin hasken da ake ba manya. Yaran suka rayu, suka girma, sai aka fara ganin abin da ba a zata ba: gajeren ƙirji, siririn wuya, ciwon zuciya a shekarun ƙuruciya, da sabon ciwon daji a wurin da aka gasa. Wannan ne ya sa a 1994 aka kafa wani babban bincike a Amurka da Kanada mai bin rayuwar waɗanda suka tsira daga ciwon daji na yara, aka fara da mutum fiye da 14,000 da aka yi wa magani tsakanin 1970 da 1986. A 2007 asibitin St. Jude da ke Memfis ya fara nasa, inda yake gayyato tsofaffin majinyatansa su dawo a gwada su daga kai har ƙafa.

Abin da magani ke bari a jiki

Zuciya ce kan gaba. Akwai wani jan maganin kemo mai suna doksorubisin, wanda masu jinya ba sa mantawa da shi saboda yakan rina fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu. Yana da tasiri ƙwarai a kan limfoma, amma yana kashe wasu ƙwayoyin tsokar zuciya, su kuwa ba sa sake tsirowa. Zuciyar yaro takan jure, ta ci gaba da aiki da abin da ya rage mata. Sai jiki ya girma, nauyin aiki ya ƙaru, ko mace ta ɗauki ciki, ko hawan jini ya shigo, sannan gazawar ta fito fili. Haɗarin yana ƙaruwa da yawan maganin da aka sha a jimlace, shi ya sa likitoci ke sanya wanda ya kai miligiram 250 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jikinsa cikin masu babban haɗari. Gashin ƙirji kuma yana taurara ƙofofin zuciya da jakar da ta lulluɓe ta, yana ƙuntata jijiyoyin da ke ba ta jini. Wani binciken St. Jude da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa zuwa shekara 50 da haihuwa, kusan kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka yi limfomar Hodgkin suna yara sun gamu da matsalar zuciya ko jijiyoyin jini mai tsanani aƙalla sau ɗaya, alhali a sauran jama'a da aka kwatanta da su abin bai kai kashi 16 ba.

Huhu ma yana shan nasa. Maganin biliyomaisin da gashin ƙirji suna iya barin tabo a cikinsa, ya rage buɗewa, iska ta rage shiga jini. Mutum yana zaune lafiya lau, sai ya tashi aiki numfashi ya gaza.

Akwai kuma illar da ba a cika lura da ita ba, ta maganin binkiristin a kan jijiyoyin hannu da ƙafa. Mai wannan matsala yakan ji tafin ƙafarsa kamar ya taka auduga. Silifa kan zame masa bai sani ba. Yatsun ƙafarsa kan ja ƙasa idan yana tafiya, ya yi ta tuntuɓe a inda kowa ya wuce lafiya, ko ya sha wahalar ɓalle maɓallin riga. Wanda ƙafarsa ba ta ba shi tabbaci ba zai so doguwar tafiya ba, balle ƙwallo, kuma daga nan ne zaman wuri ɗaya ke farawa.

Magungunan sitiroyid, irin su firednisolon, suna rage ƙwarin ƙashi, wani lokaci su kashe kan ƙashin ƙugu saboda yankewar jini. Gashin wuya yakan raunana tayirod, wato ƙullin da ke gaban maƙogwaro mai sarrafa kuzarin jiki, sai kasala da jin sanyi da ƙiba su biyo baya, alhali gwajin jini ɗaya ya isa gano matsalar, ƙwaya ɗaya a rana kuma ta isa gyara ta. Magunguna irin su saikulofosfamid da furokabazin suna iya taɓa haihuwa, musamman ga maza idan adadin ya yi yawa. Mata da aka gasa wa ƙirji suna yara kuma suna cikin haɗarin sankarar mama: wani bincike na 2014 ya gano cewa kimanin kashi 35 cikin 100 na waɗanda suka yi limfomar Hodgkin aka gasa musu ƙirji sun kamu da ita kafin su wuce shekara 50.

A kan duk wannan sai a ɗora shekarun da yaro ya yi a kwance lokacin da sa'o'insa ke guje-guje suna gina tsoka da ƙashi, da kuma tsoron iyaye da ke hana shi motsi ko bayan an sallame shi.

Abin da gwaji ya nuna

Gwaje-gwajen ba su da wuyar fahimta. A ɗaya, ana auna wani dogon baranda a asibiti, a sa alama a kowane ƙarshe, a ce wa mutum ya yi ta kai da komo iya saurinsa na minti 6, ma'aikaci na riƙe da agogo yana ƙirga zagaye. A wani, a ba shi wata na'ura ya matse da hannu iya ƙarfinsa. A mafi zurfinsu, a ɗaura masa abin rufe hanci da baki mai tiyo, a manna masa wayoyi a ƙirji, ya hau injin tafiya ana ƙara gudu da tudu har ya ce ya gaji, na'ura tana lissafa iskar oksijin da jikinsa ya iya amfani da ita.

Da wannan gwaji na ƙarshe masu binciken St. Jude suka auna mutum fiye da 1,000 da suka tsira daga ciwon daji iri-iri na yara, limfoma na ciki. A rahotonsu na 2020, kusan kashi 64 cikin 100 na waɗanda suka sha magani mai taɓa zuciya sun kasa kai juriyar da ake sa ran gani ga mai shekarunsu. Abin lura shi ne ko a cikin waɗanda ba su sha irin wannan magani ba, fiye da rabi sun kasa, alhali a sauran jama'a kimanin kashi 26 ne. Wato matsalar ba ta tsaya a zuciya kaɗai ba, huhu da tsoka da jijiya duk suna da hannu. Masu ƙarancin juriyar kuma sun fi saurin mutuwa a shekarun da suka biyo baya.

Wani rahoton na 2013 ya duba abin da likitocin tsofaffi ke kira raunin tsufa: zubewar tsoka, kasala, ƙarancin motsi, tafiyar hawainiya da raunin damƙa. Wanda ya haɗa uku cikin biyar ya shiga sahu. An samu kashi 13 cikin 100 na matan da kusan kashi 3 na mazan a wannan hali, alhali tsaka-tsakin shekarunsu 33 ne. Irin wannan adadi a wajen 'yan shekara 65 zuwa sama aka saba ganinsa.

Ingancin rayuwa

A nan labarin ya fi daɗin ji fiye da yadda alƙaluman sama za su sa a zata. Mafi yawan waɗanda suka tsira, idan aka tambaye su, sukan ce hankalinsu a kwance yake kuma sun gamsu da rayuwarsu. Da yawa sun yi karatu, sun yi aure, sun haihu, suna sana'a. Inda suke baya da 'yan'uwansu na jini shi ne ɓangaren jiki: saurin gajiya, ciwon gaɓoɓi, da kasa yin aikin da ke bukatar ƙarfi. Gajiya mai naci, wadda barci ba ya kawar da ita, tana cikin koke-koken da aka fi ji daga waɗanda suka yi limfomar Hodgkin.

Abubuwan biyu kuma a ɗaure suke da juna. Bincike ya sha nuna cewa waɗanda juriyarsu da ƙarfin tsokarsu suka fi rauni su ne suka fi ba da rahoton ƙuncin rayuwa, su ne kuma suka fi rasa aikin yi. Dalilin a fili yake. Wanda ba ya iya doguwar tsayuwa zai rage zuwa biki da jana'iza, zai bar wasu sana'o'in, zai yawaita zaman gida, zaman gidan kuma ya ƙara cinye tsokar da ta rage masa, damuwa ta samu wurin zama.

Inda masana suka saɓa

Tsohon ra'ayi shi ne wanda zuciyarsa ta sha magani mai ƙarfi ya lallaɓa ta, ya guji wahala. Yau akasarin masana sun bar wannan. Wani bincike na 2014 a kan mutum 1,187 da suka yi limfomar Hodgkin suna yara ya gano cewa masu motsa jiki mai sa gumi da haki na kimanin awa ɗaya a mako, misali minti 20 sau uku, haɗarin babbar matsalar zuciya ya ragu musu da kusan rabi idan aka kwatanta da waɗanda ba su kai haka ba. Wani na 2018 da ya ƙunshi mutum fiye da 15,000 ya nuna cewa masu motsa jiki sun fi tsawon rai, kuma waɗanda suka ƙara yawan motsinsu cikin shekara 8 mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 40 cikin 100.

Masu taka-tsantsan suna da tambaya mai ma'ana: motsa jikin ne ya kawo lafiyar, ko dai masu lafiyar ne tun asali suka iya motsa jikin? Binciken da ke kallon mutane kawai ba zai raba wannan gardama ba, sai an kasa su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a sa wasu atisaye a bar wasu. An yi irin wannan a Suwizalan da mutum 151 na tsawon shekara ɗaya, aka ga alamomin haɗarin ciwon zuciya sun ragu ga masu atisayen. Gwajin ƙarami ne kuma gajere, amma ya nufi inda sauran hujjojin suka nufa. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne motsa jiki ba ya mayar da tsokar zuciyar da ta mutu, amma yana rage hawan jini da sukari da ƙiba, waɗanda idan suka haɗu da tsohon tabon magani suke ninka haɗarin. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Saɓani na biyu a kan maganin zamani ne. Wasu na ganin alƙaluman nan labarin jiya ne, tunda an rage gashi an kuma rage adadin magunguna. Suna da hujja: yaran Hodgkin da ake gasa wa ƙirji a Amurka sun ragu daga kashi 87 cikin 100 a shekarun 1970 zuwa kashi 61 a shekarun 1990, kuma a tsakanin dukkan waɗanda suka tsira daga ciwon daji na yara, mutuwa cikin shekara 15 da gano ciwo ta sauko daga kimanin kashi 12 zuwa kashi 6. Amma har yanzu ana amfani da doksorubisin da binkiristin, kuma waɗanda aka yi wa magani a shekarun baya suna nan da ransu, suna bukatar kulawa yau.

Akwai kuma masu ganin yawan gwaji yana mayar da mai lafiya majinyaci na har abada, ya hana shi sakewa. Damuwarsu gaskiya ce, amsarta kuma ita ce a auna bibiya da girman haɗari. Wanda ya sha magani kaɗan kada a dame shi da yawa. Wanda ya sha da yawa a yi masa hoton zuciya, wanda ake kira eko, duk shekara 2 zuwa 5. Macen da aka gasa wa ƙirji kuma a fara duba mamanta tun tana shekara 25, ko bayan shekara 8 da gashin, duk wanda ya zo daga baya.

Yadda abin ya shafe mu

Limfomar Burkitt ciwon yankinmu ce. Ta fi yawa a sassan Afirka da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, Najeriya da Kamaru da Gana na ciki, domin tana da alaƙa da shi da kuma ƙwayar cutar Epstein-Barr da aka gano a 1964. Likitan Kamaru Victor Anomah Ngu, wanda ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda aikin maganinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara da matasa kimanin 400,000 ke kamuwa da ciwon daji duk shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 na warkewa a ƙasashe masu arziki, ƙasa da kashi 30 a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa kashi 60 nan da 2030, kuma limfomar Burkitt da ta Hodgkin suna cikin ciwuka shida da ta sa a gaba. Idan shirin ya yi nasara ko da rabi, masu tsira za su yawaita a garuruwanmu.

Bai kamata a kwafo alƙaluman Amurka a ɗora musu kai tsaye ba. Burkitt da kemo ake maganinta, ba a cika gashi ba, kuma tsarin da ake bi a asibitoci da yawa na Afirka ya fi sauƙi a kan zuciya. Sai dai a wajenmu ƙarfin jiki shi ne jarin mutane da yawa. Manomi da ɗan dako da mai ga-ruwa da matar da ke daka da ɗebo ruwa ba su da kujerar ofis da za su koma idan numfashi ya gaza. Kuma ɗaga kaya mai nauyin gaske da yunƙuri, irin cicciɓar buhun masara, yana cikin abin da ake so wanda ya sha doksorubisin da yawa ko aka gasa masa ƙirji ya nemi shawarar likita a kansa tukuna.

Abin da ke hannun mai shi da danginsa

Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shi ne minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, irin tafiya da sauri ko tuƙa keke, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen tsoka kwana biyu. Wanda ya tsira daga limfoma zai iya nufar wannan a hankali, ya fara da minti 10 bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Idan yana da tarihin maganin da ke taɓa zuciya, a duba shi kafin ya shiga mai tsanani, mace kuma a duba zuciyarta kafin ciki ko a farkonsa. Ciwon ƙirji, jiri, kumburin ƙafa ko numfashin da ke sarƙewa a kwance alamu ne na a tsaya a tafi asibiti. Taba sigari kuwa, ga huhu da zuciyar da suka riga suka sha wuya, babu wurinta ko kaɗan.

Duk wannan ya rataya ne a kan sanin abin da aka sha. Likitan da zai ga mutum bayan shekara 20 ba zai iya auna haɗarinsa ba idan amsar da zai samu ita ce "an dai yi mini ƙarin ruwa ina yaro". Don haka iyayen da aka yi wa ɗansu maganin limfoma su roƙi asibitin ya rubuta musu nau'in ciwon, da sunan kowane magani da jimlar adadinsa, da wurin da aka gasa idan an yi gashi, da shekarar da aka gama. Su adana takardar tare da ta haihuwa. Ranar da yaron ya mallaki hankalinsa, su miƙa masa ita, su kuma faɗa masa sunan ciwon da ya yi.